Ragon da Ya San Sunan

Tun cikin matata yana wata takwas na sayi ragon suna. Ja ne, mai doguwar wutsiya har ƙasa. Na ɗaure shi a ƙarƙashin rakuba, wato 'yar rumfar da ke tsakar gidanmu na haya a Hillat Kuku, da niyyar idan an sauka lafiya in saka shi a mota mu haye kogi zuwa Umbadda, can ɓangaren Omdurman. Can matata ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari.

Sai annoba ta zo. Hukuma ta ce kowa ya zauna gida, aka tsare kubri, wato gada, babu mai haye kogi sai da takardar izini. Tafiyar da nake yi ina gyangyaɗi a mota ta zama kamar zuwa Makka a ƙafa. Ba a yi mako da rufewa ba surukina ya kira ni da safe.

"Ɗana, Allah ya sauke ta lafiya. Mace ce."

Na yi hamdala, na miƙe tsaye, na rasa wa zan gaya wa. Na fito tsakar gida, babu kowa sai rago yana tuƙa.

Surukina dattijo ne, baduku, kakanninsa tun tuni suke Omdurman, kuma idan ya kafe ko jaki bai kai shi ba. Na ce masa, "Baba, ko za a yanka wani a nan ranar bakwai, in ya so daga baya mu san yadda za a yi?"

Ya ce, "A gidana ba a taɓa raɗa suna uba ba ya nan ba. Rago yana hannunka, suna yana bakinka. Ku zo tare. Za mu jira."

Na cije leɓe. Da wani ne da ya ji ba daɗi, amma suruki ne, sai na ce, "To, Baba." Ina ajiye wayar na harbi bokiti, ya daki bango, rago ya zabura.

Haka 'yata ta zauna ba suna a wancan gefen kogi, ni kuma na zauna da ragonta a wannan gefen.

Aikina ba wani abin a zo a gani ba ne. Kamfanin da nake wa aiki yana sayar da kayan injin ban-ruwa, ofishinmu a Shajara. Ni ke rubuta wa masu kawo kaya da masu saye. Da aka rufe gari aka ba ni kwamfuta aka ce in yi daga gida. To gidan nan, wurin da waya ke kamawa ɗaya ne tak: ƙarƙashin rakuba, jikin katanga. Dole na jawo tebur na ajiye kusa da turke. Ni nan, rago nan.

Kullum da hantsi mudir, shugaban ofishinmu, yake haɗa mu a waya mu duka. Wallahi kamar ragon nan ya san muryarsa. Kowa zai yi magana bai tanka ba, amma mudir na buɗe baki sai ya ɓarke da kuka. Ranar farko kunya kamar in nutse. Na ce wa ragon da Hausa, "Kai, rufa min baki, ɗan banza!" ban san ban kashe murya ba. Abokan aiki suka bushe da dariya, suka laƙaba masa Ustaz. Daga nan kowace safiya sai an tambaye ni ko Ustaz ya amince da farashi.

Dariyar takan ƙare da ƙarewar kiran. Wayar na mutuwa gidan ya koma tsit. In an ɗauke wuta ko ƙarar fanka babu. Ban taɓa sanin gida yana iya yin shiru haka ba. Zanen matata yana rataye a igiyar shanya inda ta bar shi, ban sauke ba har rana ta cinye launinsa.

Da safe ake barin mutane su fita cikin unguwa na ɗan lokaci. Ni fitata biyu ce a haɗe: layin burodi, sai wurin mai barsim, ɗanyar ciyawar nan da ake ɗaurewa dami-dami. A layi kowa ya rufe hanci, kowa yana hararar wanda ya yi tari. Ba hira, ba musabaha. Na dawo in zube wa rago ciyawarsa, in zauna ga kwamfuta. Duk yini Larabci nake rubutawa, Larabci nake ji. Hausata sai da rago. Ina ba shi labarin mudir, ina masa faɗa idan ya tauna min takarda, ina gaya masa yadda Inna take dama kunu a bakin gonar auduga a Jazira lokacin ina yaro.

Inna ita ce mahaifiyata. Ta rasu kafin in yi aure. Tun kafin a haifi yarinyar na gaya wa matata in mace ce sunan Inna za ta ci, ta ce ai ba sai na faɗa ba. To ga inda abin yake: ni tunda na zo duniya ban taɓa furta sunan nan da bakina ba. Wane ɗa ne zai kama sunan uwarsa gatsau? Matata ma ba za ta faɗa ba, surukarta ce. Amma ranar suna dole ni zan faɗe shi a kunnen Baba. Na ji tsoro kada ranar harshena ya sarƙe a gaban mutane.

Wata safiya ina kwance damin barsim na ce bari in gwada, tunda ba mai ji. Na faɗa a hankali. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kuka sosai, irin wanda ban yi ba ranar jana'izarta. Rago bai damu ba, cin abinsa yake. Washegari na sake faɗa, ya ɗan fi sauƙi. Daga nan ya zame min jiki: in kwance ciyawa, in faɗi sunan, in zube masa.

Azumi ya shigo ya same mu a haka. A unguwarmu ba a san namiji ya sha ruwa cikin gida ba. Tabarmi ake shimfiɗawa a titi, kowa ya fito da tirensa, har matafiyi sai an tare shi an sauke. Wannan shekarar titi fayau. Ina zuba abre, abin shanmu na buɗa-baki, a kofi in zauna bakin rakuba, ladan ya kira salla a masallacin da ba kowa ciki, in sha ni kaɗai. Kaɗaici ya ci ni a watan nan, ba zan ɓoye ba.

Matata tana turo hotuna. Na san kunnen yarinyar da yatsunta a waya, ban san nauyinta ba. Wata rana ta kira muryarta a dishe.

"Yau ma maƙwabciya ta leƙo ta katanga, wai ina mara-suna ta kwana."

Na ce, "To ni na tsare kubrin? Ki gaya wa Baba mana!"

Sai na ji tana jan hanci. Ta ce, "Ni fa ba faɗa na kira mu yi ba. So nake in san me zan ce mata idan tana kuka." Na ba ta haƙuri, amma yinin ranar ko layi ɗaya ban rubuta ba.

Bayan Salla mudir ya kira ni ni kaɗai. Ya ce motar kamfani ta samu izinin kai kayan famfo Omdurman, direba zai je ya dawo kafin la'asar. "Ka hau baya, kai da Ustaz. In an tsayar da ku, ka san abin da za ka ce." Allah ya saka masa, duk da mitar da na sha yi a kansa. A kubri wani soja ya dubi ragon, ya dube ni, na ce na suna ne, jaririya tana jira. Ya ce mabruk, wato barka, ya ɗaga hannu.

Ba taro aka yi ba. Baba, liman, mahauci, sai ƙanen matata. Surukata ta sa na wanke hannu har gwiwa kafin ta miƙo min yarinyar. Ashe ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta buɗe ido ta dube ni, ba ta san ni ba, ta koma barcinta.

Muka fito tsakar gida. Ƙanen matata yana riƙe da igiyar rago a gefe. A al'ada matsawa zan yi in raɗa wa Baba sunan a kunne, amma da na taka sai ya ɗaga hannu, saboda ciwon da ake gudu.

"Tsaya nan, ɗana. Faɗa daga nan, muna ji."

Na faɗa da ƙarfi. Harshena bai sarƙe ba.

Rago ya ɗago kai. Ya fizge igiya daga hannun yaron, ya taho da sauri ya cusa hancinsa a tafin hannuna yana neman barsim. Liman ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah, kamar ya san sunan!" Kowa ya yi dariya. Ni na kama igiyar na miƙa wa mahauci, na juya na kalli katanga har aka gama.

Kafin la'asar direba ya yi hon. Matata sai ta cika arba'in, kuma ba a buɗe hanya ba. Surukata ta ƙulle min cinya guda a leda. Ina fita na ji an riga an yi wa yarinyar alkunya, da ita ake kiranta har yau, don ba mai kama sunan Inna a gabana.

Na dawo gida na ba maƙwabci naman ta kan katanga. Washegari da hantsi na zauna a teburina, mudir ya fara magana, ya yi ta magana ba wanda ya katse shi. Can wani ya ce, "Yau ina Ustaz?" Na ce waya ba ta kamawa, ba na ji sosai. Sauran rabin damin barsim yana nan jikin turke ya fara bushewa. Tun daga ranar ban sake faɗin sunan ba.