Ranar da Mai Ya Hau Saman Inji

Motar da mahaifinmu ya bari akori-kura ce, ta girmi babban ɗana. Da ita nake kai gero kasuwar Shinkafi daga Zurmi. Shekara biyu bayan rasuwarsa ta fara wata ƙara daga saman inji, kas-kas-kas. Na buɗe murfin da ake zuba baƙin mai na leƙa, ƙarafan ciki a bushe ƙayau, alhali mai na nan cike a ƙasa.

Yayana ya gaji da ita. Ya ce in ba ta gyaru ba kafin Asabar, 'yan gwangwan zai kira su yanka ta. Ban yi musu ba, shi ne babba. Amma kujerar direba har yanzu tana da lotsawar zaman Baba.

Aka ja mini ita da igiya zuwa Kaura Namoda, wurin wani tsohon bakanike a bayan tashar jirgi. Ya shafo man da yatsa, ya murza.

"Yaushe rabonka da juye mata mai?"

"Ciko nake yi, Baba. In ya ragu in ƙara."

"Ciko! Gidanku haka aka yi, a zuba miyar yau bisa ta bara?"

Ya ce akwai wata 'yar hanya siririya da mai ke bi ya hau sama, dauɗa ce ta toshe ta. Hannunsa na rawa, don haka ni zan yi aikin, shi yana faɗa. Ƙarafa takwas muka cire, kuma dole kowanne ya koma inda ya fito. Lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci. Na sami kwali na rubuta ɗaya zuwa takwas, na ɗora kowanne a kan lambarsa.

Daga hantsi nake zura wayar keke a ramin, in zuba kananzir, in hura da famfon keke. Shiru. Bayan la'asar na sake dannawa, sai wani baƙin dunƙule kamar kashin akuya ya yi tsalle ya faɗo a rigata.

Muka mayar da komai, muka zuba sabon mai, na tayar da ita ba tare da mun rufe saman ba. Ba abin da ya fito. Na kai hannu zan kashe, tsohon ya riƙe ni.

"Haba ɗana, bari ta haɗiye tukuna."

Sai ɗigo ya ɓullo a ƙarfe na ɗaya, ya bi na biyu, a hankali har na takwas ya jiƙe. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace. Na zauna a ƙasa ina hamdala.

Ranar Asabar na tsayar da ita a ƙofar gidan Yaya, ban kashe ba. Ya fito ya kasa kunne, ya daɗe. Sannan ya ce, "Akwai buhu biyu a zaure. Ka kai mini Shinkafi ranar kasuwa."