Kuɓewar Bayan Ɗaki

Har yau in na ji kafinta yana zare ƙusa daga kwanon rufi, sai na ɗaga kai na dubi sama. Ƙarar nan tana mayar da ni Gonin Gora, daminar da sojoji suka koma bariki, muna haya a ciki da falo kusa da titin Abuja.

Mai gidan da muke haya ya ga makwabta suna mayar da ɗakuna shaguna, shi ma ransa ya biya. Ya ba mu mako biyu mu tashi, da baki kawai. Baba, wanda ke aiki a masaƙa, ya ce yanzu mulkin farar hula ne, ba a korar mutum kamar akuya. Ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi kotu cikin gari, ya dawo ba nasara. An tambaye shi takardar haya, babu. Takardar fili kuwa, shi kansa mai gidan ba shi da ita. Wani magatakarda ma ya ce masa unguwarmu ko a taswirarsu ba ta fito ba tukuna.

Da wa'adi ya cika, kafinta ya hau ya cire kwano biyu daga kan falo. Haka ake korar ɗan haya a lokacin: ba mai taɓa ka, ruwan sama ake bar wa aikin. Muka cusa kayanmu a uwar ɗaki. Na daina wasa, kullum idona na gabas ina duban hadari, ina tsoron ranar da za a hau kan uwar ɗakin.

Mama ce ta je ta taho da mai unguwa, wani tsoho Bagwari. Ba ramin rufin ta nuna masa ba, bayan ɗaki ta kai shi, inda ta shuka kuɓewa tun ruwan farko. Tsohon ya tsuguna ya shafa ganyen, ya sa aka kira mai gidan.

"A ƙasar nan ba a tashin mutum shukarsa na tsaye," in ji shi. "Sai ta gama ɗiba. Ka mayar musu da kwanonsu."

Mai gidan ya yarda har da dariya, don a ganinsa wata ɗaya ne. Ɗan kasuwa ne, bai san halin kuɓewa ba: kana ɗiba tana ƙara 'ya'ya. Mama kuma tana ta cusa sabon iri tsakanin tsofaffi. Da ruwa ya ɗauke, ruwan wanke-wanke da na wanka duk can muke kaiwa. Kowace safiya kafin in wanke ido sai na zagaya na duba fure. In ganye ɗaya ya yi rawaya, sai in ruga in ƙara mata ruwa. Mai gidan kan leƙo ta katanga, ya ga kore shar, ya yi tsaki ya wuce.

Haka kuɓewar ta riƙe mu har bayan Kirsimeti, sannan Baba ya samu ɗaki a Sabon Tasha. Ranar tashi Mama ta ɗebe ta ƙarshe, ta aika wa matar mai gidan.

Yanzu ina haya a Barnawa. Lauya ne ya rubuta yarjejeniyar, da sanarwar wata shida kafin a tashe ni, da sharaɗin kada a shuka komai a tsakar gida, don duk siminti ne. Na sa hannu. Amma ban iya kwana a gidan ba sai da na cika tsohon bokiti da ƙasa, na tura iri uku, na ɓoye shi bayan tagata.