Kawu Zahari, Mai Ƙuri'ar Ƙarshe

Da hantsin Talata, sha huɗu ga Nuwamba, Nevena ta kira ni ta ce mijinta ya cika. Mai shari'a Zahari Donchev, dattijon babbar kotunmu, ya koma ga Ubangijinsa. Kawu, na san kana jinya, amma wallahi sai da na ce ta maimaita.

Mu tara ne a kotun nan. Huɗu gwamnati mai ci ta naɗa, huɗu kuma, har da ni, 'yan adawa suka kawo mu lokacin da mulki ke hannunsu. Kai kaɗai ne ba wanda ya isa ya ce nasa ne. Al'adarmu kuwa, in an rufe ƙofa za a yanke hukunci, sabon shiga ke fara faɗin ra'ayinsa, wanda ya fi daɗewa ya rufe, don kada yaro ya bi bakin babba. Shi ya sa kullum sai mun rabu huɗu da huɗu, sannan mu zuba maka ido.

Ka sha zagi ta kowane ɓangare. Jaridun gwamnati su ce kai ragowar tsohon mulki ne, namu su ce an saye ka. Ranar da ka kayar da mu a shari'ar zaɓe, na daina gaishe ka. Sai ga ka a ofishina da kwalbar zuma daga amyoyinka na ƙauye.

"Rumyana, 'yar nan," ka ce, "ki sha, ko bakin ya saki. Doka ce ta kayar da ku, ba ni ba."

Na ce, "Kawu, kai dai ba ka da dama."

"Haka Nevena ke faɗa tun kafin a haife ki."

Kai ka biya wa masinjanmu kuɗin aikin ido, ka hana shi faɗa. A maƙabarta ya faɗa, yana kuka.

Da likita ya gano ciwon, Nevena ta roƙe ka ka ajiye aiki ku koma ƙauye wajen ƙudan zumarka. Ka so hakan ƙwarai, na sani. Amma ga shari'ar malaman makarantar da aka kora don sun yi yajin aiki. In ka tashi, gwamnati za ta cike kujerarka da nata, malaman nan kuwa sun rasa aiki da fansho ke nan har abada. Sai ka zauna. Shugaban kotu, wanda yake cikin huɗun gwamnati, shi ma ya iya lissafi. Ya ɗage shari'ar zuwa bayan hutu, ya sake ɗagewa wai takardu ba su cika ba. Kana hawa matakala kana hutawa, shi yana tambayarka jiki da fara'a.

"Mutuwata yake jira, ni ina jiran ranar shari'a," ka ce mini. "Mu ga wanda zai riga gajiya."

Muna raba dafaffiyar alkama ta sadakar mamaci a bakin kabarinka saƙo ya shigo wayoyinmu: an sa ranar shari'ar malamai. Jiya aka rantsar da magajinka. Abin ya yi mini ciwo, Kawu, har yanzu yana yi.

Yanzu ni ce na fi kowa daɗewa. Ƙuri'ar ƙarshe ta dawo hannuna, sai dai kafin magana ta iso kaina biyar na gwamnati sun riga sun gama. Tafiya kuma ba hali, don in na tashi su zama shida. Zan zauna, in faɗi abin da doka ta ce, ko ba mai saurare.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya ba ka hutun da muka hana ka. Nevena, ke da 'ya'yanki Plamen da Iskra, Allah ya ba ku haƙuri. Ki gafarce mu, da rai kika so mu ba ki shi ki kai ƙauye, sai a akwati muka sake shi.