Ɗingishin Akawal

A gidanmu na Gaya komai yana da lokacinsa. A yi sallar magariba, a ci tuwo, a wanke hannu, sannan a zauna gaban murhun Kaka Hajo. Wanda ya tsallake ɗaya ba ya samun wuri a tabarma. Sana'ar Kaka bandar kifi ce. Masunta su kawo mata da la'asar, ta gyara, ta jera a kan waya, ta haɗa wuta mai hayaƙi a ƙarƙashi. Tun da dole ta zauna tana juya kifin, sai ta mayar da zaman na tatsuniya. In sanyin kogi ya taso mukan matso har sai hayaƙin ya sa mu hawaye.

Ni ne babba a jikokinta, shekarata goma a lokacin, ina lakwal, wato makarantar boko. Tana kirana mai gida, amma ba ta taɓa barin sunan ya tafi shi kaɗai ba. "Mai gida marar cefane," in ji ta, "matsa ka ba masu amfani wuri."

Akwai abu biyu da ya kamata a sani kafin in zo ga tatsuniyar. Na farko, Baba yana da ƙuru, wato ɗan gajeren doki, baƙi, muna ce masa Akawal. Shi ke jan amalanken da Baba yake ɗaukar kaya daga bakin gada zuwa kasuwa, da shi ake ci a gidan. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Furfura ta fito masa a fuska, ramukan saman idanunsa sun zurfafa. Na biyu, Baba ɗan fari ne. Kaka ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In da saƙo sai ta ce, "Ku gaya wa wancan." Gyara masa kuskure kuwa a gaban mutane, wannan ba ya cikin tsarinta ko kaɗan.

Bayan girbi na shekarar Akawal ya fara ɗingishi. Babu rauni, babu kumburi, babu ƙaya. Duk wanda ya kalle shi yana tafiya sai ya ga kansa yana faɗawa ƙasa daidai lokacin da ƙafar dama ta gaba ta taka. Masu amalanke na tasha suka haɗu a kan magana ɗaya, ciwon a dama yake. Baba ya wanke kofaton dama, ya gasa da ruwan zafi da kanwa, ya shafa man kaɗanya a kafaɗar. Sati uku ana haka, ba sauƙi. Sai ya yanke shawara ya kira Sa'idu maƙeri ya yi wa kafaɗar lalas, wato a sa ƙarfe a wuta ya yi ja, a zana shi a kan fata inda ake zaton ciwon yake. Aka sa rana, washegari da hantsi.

A yammacin nan Baba bai fita hira ba. Yana ƙarƙashin rumfa yana gyaran ragama, tsakaninsa da murhu bai fi taku goma ba. Kaka ta juya kifi, ta gyara zama, ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe daga garin Karakara, ƙafarta duk ƙura. Kun ba ta wuri?"

Muka ce, "Mun ba ta."

Na lura muryarta ta fi ta kullum ƙarfi.

Ta ce wani mutum ne da tsohon ƙurunsa, sun yi shekaru suna yawon fatauci tare. Rannan ƙuru ya kama ɗingishi. Mutumin ya tsaya ya kalla, ya ga kan dokin yana sunkuyawa a ƙafar dama, ya ce to ga ɓarauniyar. Ya kira wanzami ya yi mata ƙaho, ba ta daina ba. Ya kira mai ɗauri ya ɗaure ta, ba ta daina ba. Ya ce saura maƙeri. Da yamma balbela ta sauka kusa da turke tana tsintar ƙwari, ta tarar da ƙuru yana kuka. Ta ce, "Tsoho da kai, me ya yi zafi?" Ƙuru ya ce, "Hagu ce ke ciwo. In zan taka ta sai in ɗaga kai sama don nauyi ya ragu a kanta. In na zo ga dama sai in sauke kaina da nauyina duka, don ita ce lafiyayya. Ita ke ɗauke da ni, ita kuma za a ƙona gobe."

Ƙanwata Rabi ta ce, "Kaka, ai sai balbela ta je ta gaya masa."

"Ta je mana. Ta sauka a gabansa, ta ɗaga kai ta sauke, ta ɗaga ta sauke. Ya jefe ta da hoge, ya ce tsuntsuwar nan ba ta da kunya."

Aka ƙona dama, in ji Kaka. Ƙuru ya rasa ƙafar da zai jingina a kanta. Ya tsaya kwana biyu yana rawar jiki, a na uku ya kwanta, bai sake tashi ba. Mutumin ya ɗauki sirdi a ka, ya koma garinsu a ƙasa, yara suna bin sa suna tambayar ina dokin.

Na ce, "Kaka, doki yana magana ne?"

Ta ce, "Kai da ake biya wa lakwal ma ba ka faɗin abin kirki, bare doki. Ubana ya yi kiwonsu a Karakara, ban taɓa jin ɗaya ya yi magana ba. Amma ido shi ma ji yake yi. Ta ƙare, kowa ya naɗe tabarmarsa."

Na waiwaya rumfa. Ragamar tana kan cinyar Baba, hannunsa ba ya motsi.

Da hantsi Sa'idu maƙeri ya iso da ƙarafansa a cikin buhu. Baba ya ce masa ya dakata da hura wuta. Ya sa ƙanensa, Baffa Idi, ya ja Akawal a kan jar hanyar da ke bayan gida, inda ƙasa take da tauri, ya sa shi sassarfa ya nufo su. Sau uku aka yi. Baba ya tsuguna yana kallon kai da ƙafa tare.

"Sa'idu, duba da kyau. Yaushe kan yake tashi?"

Sa'idu ya kalla ya ce, "A hagu."

"To hagu ce."

"Shi ke nan, sai mu yi wa hagun. Ƙarfe bai san dama da hagu ba."

Baba ya ce, "A ina cikin hagun? Kafaɗa, gwiwa ko kofato? Jiya da na rantse maka dama ce. Ka mayar da ƙarfenka, ka sha fura kafin ka tafi."

Sa'idu ya yi dariya, ya ce tun da yake bai taɓa ganin an kira maƙeri shan fura ba. Kaka tana bakin murhu tana kankare waya, ko ɗaga ido ba ta yi ba.

Daga nan Baba ya bi ƙafar hagu daki-daki, daga ƙasa zuwa sama. Ya kankare kofato ya duba. Ya ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma, gefe bayan gefe, Akawal bai zabura ba. Ya dafa kofatan gaba biyu da tafin hannu don ya ji ko ɗaya ta fi zafi. Ya matsa jijiyar bayan ƙwauri. Bai sami komai ba. Bayan kwana biyu ya kawo likitan dabbobi. Shi ma ya bi haka, ya ƙara da lanƙwasa gaɓar da ke saman kofato, ya riƙe ta na ɗan lokaci, ya saki, ya sa a yi sassarfa. Ɗingishin ya ƙaru. Ya ce yana zaton gaɓar ce ta cinye saboda tsufa, amma ba shi da na'urar da zai ga ƙashi, don haka ba zai rantse ba. Ya ba da maganin rage zafi na 'yan kwanaki, ya ce sauran sai kula.

Kular kuwa Baba ya tsara ta kamar aikin soja. Aka cire Akawal daga amalanke, Baba ya yi aron jaki. Aka ɗebo yashin kogi aka zuba a turke, aka tsawaita igiya don ya riƙa motsawa. Safe da yamma a taka da shi a hankali zuwa bakin ruwa, ya tsaya a ciki har gwiwa. A gyara kofato duk wata. A rage masa dawa don kada ƙiba ta ƙara wa ƙafar nauyi. Ɗingishin bai tafi ba, amma ya sassauta, har ya koma ɗaukar kaya marasa nauyi zuwa garin Tanda ranar kasuwa. Baba da Kaka ba su taɓa tayar da maganar ba. Abin da na gani kawai, ya sauke mata itacen banda amalanke guda, ita kuma ta ce mana, "Ku gaya wa wancan itacen ɗanye ne."

Da ina yaro na ɗauka darasin na kan doki ne, a kalli inda yake tashi, ba inda yake faɗawa ba. Wannan gaskiya ne, har yau ina aiki da shi, don masu amalanke sukan kawo mini dabbobinsu in duba. Amma da na girma na ga abin da ya fi wuya shi ne wanda Baba ya yi a gaban maƙeri. An tara mutane, an kawo ƙarfe, kowa yana jira a yi wani abu, shi kuma ya ce bai sani ba. Ni mutum ne mai son a gama aiki a rufe shi, kuma sau da yawa na ji hannuna yana ƙaiƙayi in yi wa dabba abin da mai ita zai gani da ido ya ce an yi magani. A irin wannan lokaci nakan faɗi ƙafar in na gane ta, in faɗi iyakar sanina, in tsaya a nan. Waɗansu sukan tafi da fushi su nemi mai ƙarfe.

Akawal ya ƙara shekara huɗu. Ya mutu a kan yashinsa wata safiya da damina, har lokacin ba wanda ya san ainihin abin da ke cikin gaɓar nan. Da aka zo jan sa na shafa kafaɗunsa biyu. Gashi ne kwance, babu tabo ko ɗaya.