Kawu Sale Ya Lalata Min Kare

Bindiga na tashi, Shahin, karen da nake horarwa, ya zabura ya falfala da gudu cikin sahara, a gaban kafilina, wato Balaraben da nake wa aiki, da baƙinsa. Wallahi ji na yi kamar in nutse.

Karen ɗauko tsuntsu ne. Ƙa'idarsa, ko an yi harbi ba ya motsi sai an umarce shi. Ni na koya masa, da karance-karancena a waya. Na fara da harsashi marar dalma mai ƙaramar ƙara, daga nesa, har muka kai mai girgiza ƙirji. Kafili ya ce in ya ci gwajin yau ya zauna, in ya faɗi a sayar.

Muna dawowa istiraha, gidan shaƙatawar kafili, Kawu Sale mai ban ruwan shuke-shuke ya tare ni yana washe baki.

"Ɗana, ka ga aikina? Kullum ka tafi unguwar Shifa cefane, sai in fasa leda ta yi ƙara kamar bindiga, in jefa masa nama ya bi."

"Kawu, wa ya aike ka?"

"Haba! A farauta na yi furfura. Karen da zai ji bindiga ya zauna ai rago ne. Tausayinka na ji, kada Larabawa su yi maka dariya."

Sun kuwa yi. Jibi za a zo ɗaukar Shahin, Kawu kuma godiya yake jira.

Jama'a, sa'an ubanka ya rusa maka aiki saboda ƙauna, da wane baki ake masa faɗa? Ku gaya min, don nawa ƙaiƙayi yake.