Arzika Mai Inji da Takardar Banjul

Arzika Mai Inji taubashina ne, uwarsa ƙanwar mahaifina ce, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, shi ma ya rama in ya iya. Wanda ya bi hanyar Ambursa daga Birnin Kebbi zai gan shi a wata rumfar kwano, injinan ban-ruwa na manoman fadama sun kewaye shi, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Gajere ne mai ɗan tumbi, ga kunne na ban mamaki. Tun daga nesa zai ji tarin inji ya faɗi ciwonsa, a buɗe kuma a tarar haka ne. Ni kuwa Tamba nake, na tsufa ina buga wa mutane takardun koke da tafireta a bakin kotu.

A Argungu aka haife shi, gidan masunta, amma Allah ya yi shi da tsoron ruwa. Da ya shiga kwalekwale sai jiri, kuma har gobe ina yi masa tsiya da wannan. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, wansa Dikko ne ya riƙe shi. Da Dikko ya ga ba za a ci kifi ta hannun wannan ba, ya kama shi ya kai shi wurin wani makanike. Gidansu suna da wata al'ada da suke riƙe da ita kamar farilla: ƙane ba ya kare kansa a gaban wa. Ko me aka ce ka yi, za ka durƙusa ka yi gaisuwa ka yi shiru, sai in babba ya buɗe baki ya tambaye ka abin da ya faru. Wanda ya fara bayani ba a tambaye shi ba, a wurinsu ya riga ya nuna rashin tarbiyya.

Lokacin da aka ba mu jiharmu ta Kebbi, Arzika yana aikin kula da injina a wata gonar shinkafa ta gwamnati a fadamar Zauro. Ya dawo Birnin Kebbi da matarsa Laure, ya sayi keke, ya fara sa takalmi sau-ciki. A damina ta biyu gulbi ya yi ambaliya, da ruwa ya ja aka nemi babban inji guda aka rasa. Ba a kira kowa ba, ba a ba kowa takardar tuhuma ba. Sati guda bayan haka rediyo ya karanto sunayen ma'aikata tara da aka kora kan ɓatan injin, na Arzika ne na uku. Dikko yana kasuwar kifi a Argungu, cikin mutane, ya ji sunan ƙanensa har da na ubansu.

Ranar Juma'a Arzika ya tafi Argungu ya durƙusa a zaure. Dikko ya amsa gaisuwa, ya tambayi Laure, ya tambayi yara, ya tambayi ruwa, ya tsaya nan. Da aka kawo tuwo sai ga shi a kwano biyu, mutanen da tun tasowar Arzika akushi ɗaya suke ci. Ya ci abin da ya iya, ya yi sallama ya dawo. Na ce masa ya koma ya buɗe bakinsa ya faɗi gaskiyarsa, ai wansa ne ba sarki ba. Ya ce ba a tambaye shi ba. Na je na sami Dikko da kaina, ya ce da ni abin da rediyon gwamnati ya faɗa ba ya bukatar ƙari. Wallahi na ji haushin su duka biyun, kuma na faɗa musu.

Muka kai ƙara kotu. Alƙali ya ce akwai dokar soja da ta hana kowace kotu duba irin wannan kora, ya rubuta haka a takarda ya buga hatimi. Arzika ya ɗauki takardar nan a matsayin kunya ta biyu, ya ce a ƙone ta. Laure ba ta ƙona ba, ta shimfiɗa ta a gindin akwatinta ta ɗora zannuwa a kai.

Daga nan ya kafa rumfarsa, kuma gaskiya kora ta karɓe shi. Manoman albasa da na shinkafa suka yi masa caa, ya sayar da keke ya sayi babur, tumbin ma a lokacin ya fito. Yana dariya, yana cin tuwonsa da miyar sure har ya nemi ƙari. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya. Kowace Sallah sai ya je Argungu, kowace Sallah sai ya dawo ba a tambaye shi komai ba, ya kwana biyu ba ya ko amsa tsiyata.

Wani lauya mai suna Mujtaba, da ke kawo mini aikin bugu, shi ya fara yi mana zancen Banjul, wani birni a wata ƙasa can yamma da mu. Ya ce ƙasashen Afirka sun sa hannu a wata yarjejeniya, sun kafa hukuma a can, wadda talaka zai iya kai ƙarar gwamnatinsa in ta taka masa haƙƙi. Arzika ya tambaya ko Banjul ta fi Yawuri nisa. Aka ce masa ba sai ya je ba, takarda ce za ta je.

Muka zauna a teburina, yana faɗa ina juyawa zuwa Turanci. Nan fa na nuna gwanintata. A wurinmu koken da ba zafi a cikinsa, wa zai yarda an cuce ka? Na kira su azzalumai, na kira su marasa kunya, na yi wa shugaban gonar zambo har da siffar wuyansa. Shafi biyar, ban taɓa buga abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Mujtaba ya karanta, ya ciro jan biro ya yi ta yanka har zuciyata ta yi zafi. Ya ce hukumar nan kafin ta duba ko kana da gaskiya, sai ta fara duba ko takardarka ta cancanci a karɓa, kuma takardar da ke da zagi a bakin ƙofa take tsayawa. Dole mai ƙara ya sa sunansa, dole kuma kada ya dogara da abin da ya ji a rediyo kaɗai. Shafi ɗaya da rabi ya rage mana, salam kamar kunun da ba tsamiya.

Sai ya zo kan babban sharaɗi: ba sa sauraron wanda bai fara bin kotunan ƙasarsa ba, sai fa in ya nuna cewa an rufe masa ƙofa. Arzika ya sunkuyar da kai ya ce ai kotu korarsa ta yi. Mujtaba ya miƙe tsaye ya ce ina takardar? Aka aika wa Laure, ta zo da ita tana ƙanshin turaren wuta, ta ajiye a kan tebur, ta yi wa mijinta wani kallo. Arzika ya so a haɗa da ƙullin busasshen kifi, don a ganinsa ba a zuwa gaban manya hannu sake. Da ƙyar muka hana shi.

Bayan wata huɗu amsa ta zo, an ba ƙarar lamba, an kuma aika wa gwamnati ta faɗi nata. Wannan ya burge Arzika ƙwarai, ya yi ta maimaita wa masu kawo gyara cewa can har gwamnati ma sai an tambaye ta. Daga nan sai jira. Hukumar sau biyu take zama a shekara, in aka zauna ba a ji daga gwamnati ba sai a ɗaga, a sake rubuta mata. Laure ta haihu sau biyu a cikin jiran nan. Ni na fid da rai, na koma kiransa Alƙalin Banjul, yana amsawa kuwa.

Shekara shida da korar, ambulan mai kauri ya iso. Mujtaba ya karanta mana a ofishinsa. An ce tunda an ba gwamnati dama sau da dama ba ta musa ba, an ɗauki abin da mai ƙara ya faɗa. An ce hana mutum a saurari maganarsa, da rufe masa kotu, saɓa yarjejeniya ne, an kuma shawarci gwamnati ta gyara. Mujtaba ya gaya masa gaskiya, cewa hukumar ba ta da ɗan sanda, kada ya sa ran aikinsa gobe. Arzika ya ce aikin me, shi da ko hutun Juma'a ba ya samu? Ya juyo ya ce in shirya, ni zan karanta wa Dikko.

Muka isa Argungu da hantsi. Dikko yana zaure yana ɗinkin komar kamun kifi, ya tsufa, gemun ya yi fari fat. Arzika ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba. Na karanta, ina fassarawa a hankali, har na kai ƙarshe.

Dikko bai ɗago ba ya ce, "To Tamba, sun ce bai ɗauki injin ba?"

Takardar kuwa ba ta ce haka ba. Na so in ƙara gishiri, sana'ata ce, amma Arzika ya dube ni. Na ce, "Ba su ce ba, Yaya. Su ba su duba wanda ya ɗauka. Abin da sun ka duba, ko an tambaye shi kahin a yanke mai hukunci."

"Wato laihin gwamnati shi na, ba ta tambaye shi ba?"

"Shi na."

Dikko ya ajiye allurar. Na ji kunya ta kama ni a madadinsa.

"Ashe da ni an ka kai ƙara Banjul," in ji shi, "da ni ma an kada ni."

Sannan ya juya, ya dubi ƙanensa ido da ido. "Arzika, ka ɗauki injin ga?"

"Ban ɗauka ba, Yaya."

"To matso nan. Hwaɗa min mi ya hwaru, tun daga hwarko."

Arzika ya matso. Mutum mai shekara arba'in da biyar, ya cire hula ya goge fuska da ita. Ni ma na juya ina kallon bango, don idona ya kawo ruwa. Sai Arzika ya fara daga ranar da gulbi ya fara tasowa. Har aka kira azahar yana magana, Dikko bai katse shi ko sau ɗaya ba.