Madubin Bindigar Baba

Mahaifina direban bas ne har ya yi ritaya. Shekara da shekaru yana kwasar alhazai daga Arfa zuwa Muzdalifa, sauran watanni kuma yana jigilar 'yan Umra. Amma in ka tambaye shi ko shi wane ne, ba zai ce maka direba ba, cewa zai yi ɗan maharbi ne. Kakana maharbi ne a ƙasar Sakkwato kafin ya biyo ta Sudan ya zo Makka ya zauna, kuma tun da ya shigo Harami bai sake ɗana kibiya ba, don a nan ko tattabara ba a kora, balle a harbe ta. Baba ne ya farfaɗo da abin, da bindigar iska mai lasisi. Duk shekara in an buɗe lokacin farauta, shi da abokansa uku sukan karɓi izini, su fita can bayan iyakar Harami zuwa gonar ɗaya daga cikinsu, wanda muke kira Kawu, su harbi kurciya.

Ni ce 'yarsa ta uku. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. Aikina auna ido da haɗa tabarau a wani shago a unguwar Zahir. Na auna idon maƙwabtanmu na unguwar Utaibiyya da yawa, manya da yara, amma ban taɓa auna na Baba ba. Tabaran karatunsa a kantin magani yake saye, in kuma na yi masa maganar gwaji sai ya ce idonsa garau yake.

A shekarar da nake ba da labari, sau biyu a jere ya dawo daga gona da jaka wayam. Mu dai ba mu tambaye shi dalili ba. Umma ce ta jiyo daga matar Kawu cewa tsuntsayen sun yi wayo, sun daina sauka a kan itatuwan kusa da rijiya, sun koma kan wata magarya a tsallaken kwari. Sauran abokan duk sun sayi manyan madubai na hangen nesa, irin waɗanda ake ɗaurawa a kan bindiga, mu a nan muna ce musu darbil. Baba kuwa yana nan da tsohon ƙaramin nasa. Shi da ya saba ya fi kowa cika jaka, yanzu shi ake zolaya a wurin shayi.

Wata Asabar da hantsi ya leƙo ɗakina.

"Uwata, motata tana gareji. Ko za ki sauke ni shagon kayan farauta?"

"Sauke ka kawai, ko in jira ka?"

"In kin ga dama ki shigo, akwai sanyi a ciki."

Na shiga. Mai shagon wani dattijo ne mai fara'a, ya san Baba da daɗewa. Suka gaisa da Larabci, aka tambayi iyali, aka kawo gahawa. Baba ya ce yana son darbil ɗin da ya fi kowanne jawo abu kusa. Mutumin ya buɗe kabad ya ɗauko wani zabgege, bakinsa ya kai faɗin kofin shayi, ya ce wannan yana ninka abu har sau ashirin da huɗu, kuma irinsa Kawu ya saya. Ya ɗaura shi a kan wata ƙotar bindiga ta katako da yake ajiyewa don gwaji, ya miƙa wa Baba.

Baba ya saita shi a kan wani kwali da ke ƙarshen shagon, ya yi murmushi.

"Har ƙananan rubutun nake gani. Wannan shi ne."

Cinikin dai ba nawa ba ne. Amma gilashi aikina ne, kuma na san duk wanda ya gwada tabarau a cikin ɗaki mai sanyi da fitilu bai gwada komai ba. Na ce wa mai shagon ko zai yarda mu fita da shi waje, da kuma wani matsakaici da na hango a kabad ɗin, mai ninki daga huɗu zuwa sha shida. Ya dubi Baba, Baba ya dube ni.

"Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba," in ji Baba da Hausa.

"Gaskiya ne, Baba. To mu je ka hango mini a waje."

Ya yi dariya ya bi ni. Rana ta riga ta ɗaga, kwalta ta fara hucinta. A saman dutsen da ke tsallaken titi akwai wani gida mai tankin ruwa fari, tattabaru uku suna zaune a gefensa. Na ce ya murza babban madubin har ƙarshe ya nemo mini ta tsakiya.

Ya ɗaga ƙotar ya kafa ido. Na ga bakin madubin yana yawo, ya yi sama, ya yi hagu, ya dawo. Abin da ake gani a cikin irin wannan ninki ɗan mitsitsin wuri ne, kamar mai leƙen duniya ta kafar allura. Kafin ya sami tankin, tattabara ɗaya ta tashi.

"Na same shi," in ji shi. "Amma rawa yake yi kamar yana cikin ruwa."

"Zafin da ke tashi daga ƙasa ne. Madubin yana ninka shi kamar yadda yake ninka tsuntsun. Rawar hannunka ma haka, sau ashirin da huɗu."

"Hannuna ba ya rawa."

"Na kowa yana yi, Baba. Numfashi ma kaɗai ya isa."

Mai shagon ya sauya masa da matsakaicin. Na murza shi zuwa goma. Nan take Baba ya ce ga su nan, biyu, ɗaya tana fiffike. Kuma ya lura da kansa cewa wannan bai rinjayi hannunsa ba, don babban nauyinsa ya kusa na bindigar. Na nuna masa wani ɗan maburgi da ake murzawa a gefen madubin, mai lambobin nisa, na ce ya ɗan motsa kansa dama da hagu yana kallon layuka biyun nan da suka gitta juna a cikin madubin. Ya ce suna zamewa daga kan tankin. Na murza maburgin sannu a hankali har ya ce sun tsaya cak. Na gaya masa a nesa wannan zamewar kaɗai ta isa ta sa ya kuskure kurciya, ko da hannunsa bai motsa ba. Tsohon madubinsa ba shi da wannan maburgi.

Daga nan ne ya faɗi maganar da ta tona asirinsa.

"Sai dai layukan nan ba su yi kyau ba. Na tsaye ya fito baƙi ƙirin, na kwance kuma ya yi dishi-dishi. An yi ha'inci a aikin."

Mai shagon ya karɓa ya duba, ya ce shi dai duka biyun yana ganinsu tas. Ni ma na duba, lafiya lau. Na murza zoben da ke kusa da ido, wanda ake daidaita shi da ganin mutum, na ba Baba. Ya ce yanzu na kwancen ya fito, na tsayen ya dushe. Na murza baya, abin ya koma yadda yake.

Wane layi ya fi baƙi? Ita ce tambayar da nake yi wa mutane kullum a ɗakin gwaji, da wani zane mai layuka kamar fuskar agogo. In wani layi ya fi wani baƙi, to baƙin idon mutum ne bai yi zagaye daidai ba, ya ɗan yi tsawo ta gefe guda. Ba ciwo ba ne, kuma babu madubin bindigar da zai gyara shi, ko da na zinariya ne. Gilashi ɗaya ne maganinsa, a gaban ido.

Na yi masa bayani da Hausa don kada mai shagon ya ji. Baba ya sauke ƙotar, ya daɗe yana kallon dutsen.

"Wato kin auna ni ban sani ba."

"Kai ka auna kanka. Ni saurare kawai na yi."

Mai shagon bai ji Hausar ba, amma ya ga yadda nake murje-murje. Ya tambayi Baba ko likita ce ya zo da ita. Baba ya gyara tsayuwa ya ce masa da Larabci, "'Yata ce. Aikinta ke nan, gilashi." Ya faɗe shi da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, har wani mai wucewa ya waigo. Ni dai na sunkuyar da kai ina gyara mayafi, amma zuciyata fal da murna.

Muka ɗauki matsakaicin. Na dage a kan mai ɗigo-ɗigo a ƙasan layin tsakiya, don harsashin bindigar iska ɗan dalma ne mara nauyi, in tafiya ta yi nisa sai ya riƙa yin ƙasa, dole mai harbi ya ɗan ɗaga. Mai shagon ya so ya ba mu mai jar fitila a tsakiya, na ce a'a, a irin idon Baba ɗigon fitila zai baje kamar an shafa shi da yatsa. Daga can ban tambaye shi ba na karya kan mota zuwa Zahir. Ya ga hanyar, ya bar ni na ci gaba da tuƙi. Ya zauna a kujerar gwajina kamar ɗalibi mai ladabi, yana amsa "wannan ya fi" da "wancan ya fi" har muka gama. Bayan kwana uku na kawo masa tabarau na ganin nesa zalla, mara rabin karatu a ƙasa, don harbi kaɗai.

Asabar ta gaba na ce zan bi shi gona. Muka fita bayan sallar asuba, muka wuce alamar iyakar Harami, gari na wayewa muka isa. Kawu ya tarbe mu yana dariya.

"A'a, yau da malamarka ka zo?"

"Da ita na zo," in ji Baba. "Kai ma in kana da irinta da ka zo da ita."

Ba mu fara da tsuntsu ba. Na kafa kwali a jikin wani tsohon buhun yashi, na zana ɗigo baƙi, muka auna taku talatin. Baba ya zauna, ya dogara bindigar a kan jaka, ya harba uku. Duk sun taru a wuri ɗaya, amma sama da ɗigon, ta dama. Na murza maburgan saiti ina ƙirga ƙararsu, ya sake harbi, muka sake gyarawa, har dalmar ta riƙa shiga cikin baƙin. Sai muka matsar da kwalin taku hamsin, sannan saba'in, sannan tamanin, a kowane nisa muna neman ɗigon cikin madubin da ya dace da shi. Na rubuta a ɗan farin tef na manna a ƙotar bindigar. Sauran abokan sun gaji da jira, sun tafi nasu harbin. Kawu yana wucewa ya ce in muka gama karatun sai mu same su.

Wajen ƙarfe takwas muka zauna a inuwar ɗakin famfo, muna fuskantar magaryar. Kurciya biyu suka sauka a reshen sama. Ni da idona ɗigo biyu kawai nake gani. Baba ya duba tef ɗin, ya murza maburgin gefe, ya yi bismillah, ya danna kunama. Ganye ya faɗo, tsuntsayen suka tashi.

Ni na hana shi madubin da yake so, ni na sa shi tabarau, ga shi ya kuskure a gabana. Na fara tunanin inda na yi kuskure a lissafin.

"Ba laifin madubinki ba ne," ya ce, bai ko dube ni ba. "Iska ce a cikin kwarin. Dubi yadda ganyen can yake kaɗawa, nan kuwa babu. Na ga inda dalmar ta bi, da tsohon ba zan gani ba."

Wannan ban san shi ba, babu shi a karatuna. Ya ɗebi ɗan ƙura ya saki, ya dubi reshen, ya jira. Muka yi kusan rabin sa'a muna dako. Wata kurciya ta zo ita kaɗai ta sauka ƙasa da inda na farkon suka zauna. Na ji ya ja numfashi, ya saki rabi, ya tsaya. Bindigar ta yi ƙararta 'yar kaɗan. Sai da na ƙifta ido sannan na ji tas daga can, tsuntsuwar ta faɗo ta tsakanin rassa.

Na yi kabbara da ƙarfi har na ba kaina kunya. Na tashi zan je ɗaukowa, ya ce in zauna. Shi da kansa ya sauka kwarin, da gwiwarsa mai ciwo, yana ƙirga taku a fili yadda su Kawu za su ji daga inda suke. Saba'in da shida ya ƙirga. Ya ɗago ta sama da hannu ɗaya kafin ya juyo.

Biyar ya samu a ranar, ya kuskure uku. Kawu ya samu biyu, ya ce rana ce ta shiga masa ido. A hanyar dawowa Baba ya yi ta ba ni labarin yadda ake karanta iska a jikin ciyawa, abin da bai taɓa zama ya koya wa ko ɗaya daga cikin yayyena maza ba. Na riƙa tambaya, yana amsawa, har muka shigo cunkoson Utaibiyya ba mu sani ba.

Umma ta yi farfesunsu da yamma, da citta da kanumfari. Ana cikin ci na tauna wani abu mai tauri, na fito da shi, ashe dalmar ce ta baje kamar ƙwayar wake. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce rabona ne, in riƙe.

Ranar Talata ina shago, abokiyar aikina ta leƙo ɗakin gwaji ta ce wani dattijo yana nemana, ya ƙi yarda kowa ya duba shi sai ni. Na fito na tarar da Kawu a tsaye, ya naɗe zabgegen darbil ɗinsa a cikin tawul kamar jariri. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida. Ya ce shi ba wai idonsa yana da matsala ba ne, kawai yana so in duba masa layukan nan, kamar ɗaya ya fi ɗaya baƙi. Na ja masa kujera na ce ya zauna.